Gidan Jikin Katangar Abah

Surukina Haji Baharom lauya ne, amma idan an ce lauya kada ku hango mutum cikin baƙar riga yana ta da jijiyar wuya a gaban alƙali. Abah, kamar yadda 'ya'yansa da mu surukansa muke kiransa, bai taɓa kare ɓarawo ba, bai taɓa raba aure ba. Gidaje kawai ya sani. Wani ya sayar, wani ya saya, shi kuma ya tsaya a tsakiya har suna ya tashi daga kan wannan ya koma kan wancan ba tare da an cuci kowa ba. Sama da shekara arba'in yana wannan aiki a garinmu Taiping, a wani ɗan ofis a saman shagon gyaran keke.

Aikinsa ba na mai sauri ba ne. Kafin ya taɓa takarda sai ya ɗauki lemarsa ya je ya ga gidan da idonsa, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa magudanar ruwa, ya tambayi maƙwabta ko kicin ɗin da aka ƙara a baya an yi shi da izini. Ranar sa hannu kuwa sai ya zaunar da mai saye da mai sayarwa, ya aika a kawo shayi, ya karanta musu yarjejeniyar da bakinsa shafi bayan shafi. Mutane sukan shiga bayan azahar su fito la'asar sakaliya, ƙafa ta yi tsami, amma kowa ya san abin da ya sa wa hannu. Da can su biyu ne, shi da Mista Ooi. Da Mista Ooi ya rasu Abah bai ɗauki kowa ba, bai kuma sauke allon da ke ɗauke da sunayensu biyu ba.

Ni kuma sunana Rosdi, malamin ladabtarwa a makarantar sakandare. A makaranta idan na yi gyaran murya a bakin baranda, har malamai sukan duba ko rigarsu na cikin wando. Ina da baki, wannan kowa ya shaida. Amma da na tsaya gaban Abah sai harshen nan ya naɗe. Shekaru da aurena da 'yarsa Laili, har yau ban iya miƙe ƙafa a falonsa ba.

Muna zaman haya a Kamunting, kusa da Taiping, lokacin da surukata ta rasu, Abah ya rage shi kaɗai a gida. Ba a daɗe ba santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya kwanta a nan har sai da mai kawo jarida ya ji muryarsa. Tun daga ranar Laili ba ta sake barci mai daɗi ba. Mun ce ya dawo wurinmu, ya ce shi ba kaya ba ne. Ana cikin haka sai Ankul Maniam, maƙwabcinsa na jikin katanga, ya ce zai sayar da gidansa ya koma wajen 'yarsa a Ostareliya. Katanga ɗaya, wadda idan Abah ya yi tari za a ji. Laili, wadda ke kirana Abang kamar yadda matan nan ke kiran mazajensu, ta kama hannuna ta ce, "Abang, ko da me za a sayi gidan nan, a saye shi."

Ranar ƙaramar Sallah aka tayar da maganar, gida cike, kowa na fama da naman rendang. Yayan Laili, wanda ke aiki a Kuala Lumpur kuma yake ganin ya fi mu wayewa, ya ce, "Ku ba wa manyan ofisoshin lauyoyin birnin Ipoh, nan da nan suke gamawa."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ajiye faranti na miƙe tsaye, na ɗauko muryar da nake yi wa ɗalibai jawabi da ita, na ce muddin ina numfashi babu lauyan da zai taɓa ko da takarda ɗaya ta gidana sai Abah. Na ce tun daga farko har ƙarshe. Na ma ƙara da wallahi. Falon ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce. Abah ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Zauna ka ci abinci, Rosdi."

Bayan Sallah ya rubuta yarjejeniyar cinikin, ya karanta mana ita ni da Laili da Ankul Maniam. Muka biya kashi goma cikin ɗari na kafin alƙalami, wato duk abin da muka tara tun aurenmu. Sharaɗin shi ne wanda kowa ya sani: wata uku a cika sauran kuɗin, idan ba a samu ba a ƙara wata ɗaya da tarar jinkiri, idan shi ma ya wuce, gida ya tafi, kafin alƙalami ya bi shi. Na sa hannu ina murmushi, don a lissafina wata ɗaya ma ya yi mini yawa.

A banki wata ma'aikaciya mai suna Cik Khoo ce ke kula da takarduna. Ko mako biyu ba a yi ba ta kira ni.

"Cikgu, albishirinka, an amince da rancenka," ta ce. Cikgu ake kiran duk wani malami a wurinmu, kuma ina son jin sa. "Saura ka zaɓi lauyan da zai yi takardun jingina cikin waɗanda muke aiki da su."

"Ina da lauya," na ce ina gyara zama. "Haji Baharom. Surukina ne."

"Ba ya cikin namu, Cikgu."

"Duba da kyau dai. Baharom da Ooi."

"Ai na san shi. Shi ya yi wa mahaifiyata takardun gidanta, har yau tana maganar shayinsa. Amma ba ya cikin namu."

Ta yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa ɗalibin da ya maimaita aji. Aikin kashi biyu ne. Takardun ciniki tsakanina da mai gida, wannan in ba wa wanda na ga dama. Takardun jingina kuwa kuɗin banki ne, kuma banki ba ya sakin kuɗinsa sai a hannun lauyan da ya tantance. Ofishin da lauya ɗaya ne a cikinsa ba sa ɗauka, don idan ya kwanta ciwo ko ta Allah ta kasance da kuɗin mutane a hannunsa, wa za a kama? Tun bayan rasuwar Mista Ooi aka cire sunan.

Kai, ranar na yi jawabi! Na yi maganar amana, na yi maganar shekara arba'in, na tambaye ta ko an haife ta lokacin da Abah ya fara aiki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta turo mini kwanon alewar da suke ajiye wa yaran masu ajiya. Abin haushin, na ɗauki ɗaya.

Na fita na ce banki ba shi kaɗai ba ne a garin. Na shiga na biyu, na shiga na uku. Har bankin Musulunci na je, na rangaɗa musu sallama mai tsawo da wa barakatuhu, suka amsa mini da irinta, sannan suka faɗa mini abin da Cik Khoo ta faɗa. Kowane banki kuma sai ya sake neman takardun albashina daga farko, a yi ta jira. Kafin in farga wata guda da rabi ya tafi a yawon nan, na koma wajen Cik Khoo ina sosa ƙeya.

"Akwai hanya ɗaya," ta ce. "Hedikwata takan sahale wa lauyan waje ya yi aiki sau ɗaya tak. Sai ya kawo lasisinsa na bana, da takardar inshorarsa, da wasiƙar neman alfarma da sa hannunsa. Yana ɗaukar lokaci, kuma ba lallai su yarda ba. Cikgu, ka zaɓi cikin namu mana, ka huta."

Wato Abah ya zauna ya rubuta wa wasu yara a Kuala Lumpur cewa don Allah su yarda shi lauya ne. Kuma ni zan je in gaya masa haka. Ni da na miƙe tsaye ranar Sallah. Laili ban gaya mata komai ba, duk lokacin da ta tambaya sai in ce, "Kin san banki da jan ƙafa."

Daga nan na fara sintiri a ofishin Abah. Ina tashi daga makaranta sai in hau matakalar nan da jawabina a shirye, na haddace shi tsaf a mota. In yi sallama, ya nuna mini kujera, ya aika a kawo shayi. In buɗe baki in ji kaina ina cewa, "Abah, yau kam da alama za a yi ruwa." A Taiping! Garin da kullum sai an yi ruwa. Shi kuma ya leƙa taga da gaske ya ce, "Da alama." Mun yi hirar tsadar kifi, mun yi ta ciwon gwiwa, mun yi ta limamin da ke ja da karatu a sallar asuba. Sai shayi ya ƙare in miƙe in ce zan wuce, ya ce in gaida yara.

Shi ma bai taɓa tambayata ina aka kwana a maganar rance ba. Sai dai ya riƙa sako wasu maganganu. Wata rana ya ce, "Aikin koyarwa akwai lada, Rosdi, ko da ba a ga abin a hannu ba." Wata rana kuma, "A zamanin nan albashi ba ya isar kowa, ba laifin mutum ba ne." Sai ga buhun shinkafa an kawo gidanmu daga wurinsa, sai ga takalman makaranta na yara. Ni kuwa gogan naku sai na ji kaina ya ƙara girma. Na ce a raina, tsohon nan ya ga irin tsayuwar da na yi masa ranar Sallah, yana saka mini ne.

Wata uku suka cika, muka shiga watan tara. Na daina cin abincin kirki, na fara yi wa ɗalibai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata yamma na ajiye mota a ƙofar gidan Abah sai Ankul Maniam ya leƙo ta saman katanga, da tiyon ban ruwa a hannunsa.

"Cikgu, zo mana. 'Yata fa ta sayi tikiti. Ni ba na son cin kuɗinka, Allah ya sani, tare muka ga Laili ta girma. Amma Haji da bakinsa ya karanta mana sharaɗin, kana zaune. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Ankul. An kusa."

"Haka ka ce wancan watan," ya ce, ya koma kan furanninsa.

Ranar Asabar da safe Abah ya kira ni ya ce in zo in kai shi lambunsa na durian, 'ya'yan itacen nan mai ƙaya, a Batu Kurau. Ɗan ƙaramin lambu ne, shi da marigayiya suka dasa itatuwan tun Laili na goye. Muka isa, ya zagaya a hankali da sandarsa, yana dafa wannan itace yana duba wancan. Sannan ya zauna a kan wani kututture ya juya mini baya. Na gane magana ce mai nauyi, don mu nan ba a kallon mutum a ido idan za a faɗi irinta.

"Na samu mai saye," ya ce.

"Mai sayen me, Abah?"

"Lambun. Mun yi magana, ranar Litinin zai kawo kuɗi. Da abin da na ajiye, zai kusa cika kuɗin gidan, sauran sai in roƙi Maniam ya ɗaga mana ƙafa. Kada ka gaya wa Laili. Don banki ya hana mutum rance ba abin kunya ba ne, na ga sun hana waɗanda suka fi ka albashi."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ashe duk shayin nan da muke sha, shi yana zaune yana jiran wasiƙa daga lauyan banki, da bai ga ta zo ba sai ya yanke cewa ni bankin ya ƙi. Yana ganin ina zuwa ne in nemi taimako kunya ta hana ni, shi kuma yana jin nauyin ya tambayi mijin 'yarsa ko an ce albashinsa bai kai ba. Shinkafar nan da takalman, sadaka ake yi mini ina ta hura hanci.

Babu sauran wurin ɓuya. Na dubi ƙasa na ce, "Abah, tun makonnin farko suka ba ni rancen."

"To me ya tsayar da shi?"

"Lauya. Sun ce... sun ce sunan Abah ba ya cikin nasu."

Na faɗa, kuma na ji zafinta kamar ni na cire sunan da hannuna. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Rosdi," ya ce, "kana nufin ni ban sani ba? Ni bankunan suka rubuto wa, ɗaya bayan ɗaya, tun ba a yi arba'in ɗin Ooi ba. Duk wanda ya zo wurina ni nake yi masa takardun ciniki in tura shi wajen lauyan banki. Me ya hana ka zuwa?"

"Ai na yi rantsuwa, Abah. Ranar Sallah. A gaban kowa."

"Wace rantsuwa?"

Na tuna masa. Ya yi ta lalube a ƙwaƙwalwarsa, can ya ce, "Au, lokacin da ka miƙe tsaye? Haba Rosdi. Ai kullum kana miƙewa tsaye. Bara ma ka miƙe ka ce ka daina shan sukari. Wa ya riƙe wannan?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata uku ina yawo da maganar nan a ka, ina ganin duk dangi sun zuba ido su ga ko zan cika ta, ashe ko kafin a kwashe faranti an manta. Abah ya fara dariya har da tari, sai kuma dariyar ta tsaya, ya dubi agogonsa kamar a nan kwanakin suke. "Tashi mu tafi," ya ce. "Ka yi kaffara daga baya. Yanzu 'yata ce za ta rasa gida."

Abin da Laili ta faɗa da ta ji labari ba zan maimaita shi duka ba, akwai yara masu karatu. Ta tsaya a tsakar falon ubanta, hannu a ƙugu. "Wato ku biyu kuna can sama kuna shan shayi kuna jin kunyar juna, ni kuma in kwana a titi? Abah zai sayar da lambun marigayiya Mak, kai kuma Abang kana yawon bankuna kana wa'azi! Ni ba ku ji kunyata ba?" Daga ni har lauyan shekara arba'in babu wanda ya ɗaga kai.

Kada in ja muku rai, an samu gidan. Cik Khoo ta haɗa mu da wani babban ofishin lauyoyi a Ipoh, Laili ta riƙa kiransu safe da yamma har suka haddace lambarta, kuɗin ya fita ana saura 'yan kwanaki. Na biya Ankul Maniam tarar jinkiri, na ciyar da miskinai goma saboda bakina, lambun kuma yana nan. Amma ranar sa hannu a Ipoh ita ce ta tsaya mini a rai.

Abah ya ce zai raka mu. Ya sa rigarsa ta yadin batik mai dogon hannu da baƙar hularsa, ya shirya fayil ɗin cinikin da kansa, a mota ya miƙo mini ya ce ni zan riƙe. Ofishin yana can saman bene, sanyi kamar cikin firji, mutane zaune a layi kowa da lambarsa. Abah ya zauna cikinsu da sandarsa a tsakanin gwiwoyi har aka kira mu.

Wata matashiyar lauya ce, mai fara'a, tana ta sauri. Ta ajiye tulin takardu a gabanmu, an manna 'yan ƙananan alamu masu launi a duk inda za mu sa hannu. Ta buɗe fayil ɗin da na kawo tana dubawa.

"Baharom da Ooi," ta karanta. "Au, ofishin nan yana nan har yanzu? Na ɗauka an rufe shi tuni." Ba da wata manufa ta faɗa ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sannan ta dubi Abah da ladabi, ta kira shi Pakcik, wato kawu. "Pakcik kuma fa? Mai tsaya musu ne, ko shaida?"

Jinina ya hau. Na riga na dafa hannun kujera zan miƙe, jawabi ya taru a bakina, wannan karon ma da gaskiyata. Sai na ji hannun Abah a kan gwiwata, ya danna ni.

"A'a, 'yata," ya ce. "Maƙwabcinsu ne ni. Rakiya na yo."

Laili ta sunkuyar da kai cikin jakarta tana neman abin da babu. Ni kuma tausayinsa da ganin girmansa suka kama ni. Na ɗauki biro, idona ya cika har layukan suka haɗe, na kai hannu zan rubuta sunana a wurin da aka ware wa banki.

Abah ya miƙo yatsa ya ɗora a kan layin da ke ƙasa. "Nan, Rosdi," ya ce.